Shekara ɗaya da rabi da Vanquish 440 a gonakin Norfolk

Ranar da kwalin ya iso, uwargida ta tsaya a bakin kicin tana kallona ina haɗa sandunan, ta ce, "Baban Ummi, wai duk sana'o'in duniya ka rasa wadda za ka kama sai tonon ƙasa?" Na ce mata ba sana'a ba ce, nishaɗi ne. Ta ce ai gara ma a ce sana'a ce, ko ba komai a ga riba. Yau shekara ɗaya da rabi ke nan, kuma a batun riba dai ita ce da gaskiya.

Na'urar da nake magana a kai ita ce Vanquish 440, ta gano ƙarfen da ke binne a ƙasa, ƙirar kamfanin Minelab na Ostareliya. Na saye ta ƙasa da fam 300 kaɗan. Wanda ya taɓa zuwa haƙar zinare a Jado tun da aka fara tururuwa can a 2014, ko ya yi Sudan, ya san sunan kamfanin, don manyan na'urorinsu irin su GPX ake ratayawa a can. Shi ya sa da ƙanena na wajen kawu, wanda ya yi shekara biyu a Jado, ya ga hotonta, nan take ya kira ni: "Yaya, giram nawa ka samu?" Na yi dariya har na gaji. To bari in faɗa tun da wuri, kada wani ya yi asarar kuɗinsa: wannan ba ta neman ɗanyen zinare ba ce. An yi ta ne don tsofaffin kuɗi, zobba, maɓallai da makamantansu. Wanda ya kai ta dajin zinare ya kai akuya aikin raƙumi.

Ni kuwa wani dattijon Bature ne ya jawo ni cikin harkar. Muna aikin dare tare a wani gidan kula da tsofaffi kusa da Norwich, a yankin Norfolk na Ingila. Wata rana wajen ƙarfe uku na dare ya zaro wani gwangwanin taba daga aljihu, ya zazzage shi a kan tebur. Sai ga sule, ga sisi, ga taro, ga kwabbai baƙaƙe ƙirin. Ya fara yi mini bayanin yadda ake lissafinsu kafin Ingila ta canza kuɗinta a 1971, na ce masa ya huta, kwabo goma sha biyu sule ɗaya, sule ashirin fam guda. Ya saki baki. Na gaya masa kakata har ta rasu da sule da sisi take ƙirga, duk da cewa naira ta shigo tun 1973, kuma har gobe Bahaushe in ya tsiyace cewa yake ba shi da ko sisi. Asabar ɗin da ta biyo baya ina bayansa a gona, riƙe da shebur.

Abu na farko da za ka lura da shi in ka ɗauke ta shi ne rashin nauyi. Kilo ɗaya da 'yan kai ce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai lilo da hannu awa biyar a jere, dama da hagu, kamar mai shara. Sandar tana zugewa ta koma gajera, ta shige jakar goyo, in hau bas da ita ba wanda ya san me na ɗauko. Faifan da ke shinshinar ƙasa inci 10 ne a tsaye, 7 a kwance, kuma ana iya tsoma shi a ruwa. A cikin kwalin akwai abin sauraro na kunne mai waya da 'yar rigar ruwa ta akwatin sarrafawa. Batura huɗu take ci, irin na tocila ƙanana. Saiti masu caji biyu na saya, ɗaya a ciki ɗaya a aljihu, ban taɓa dawowa gida don wuta ta ƙare ba.

Kafin in fita da ita ni kaɗai sai da na gwada ta a bayan gida. Ina da kwabo mai huji na 1959, mai tauraron nan, wanda na taho da shi daga cikin tarkacen mahaifiyata. Na haƙa rami taƙi guda, na kwantar da shi, na rufe, na tattake. Na'urar ta kama shi da ƙara tsaf, ta ko'ina na biyo. Da na ƙara zurfin ramin sosai sai ƙarar ta koma kamar raɗa, lambar da ke kan allo ta riƙa tsalle. A nan na fara gane cewa duk mai ce maka irin wannan na'ura tana ganin kwabo a zurfin gaba guda, labari yake ba ka.

Abin da ya bambanta ta da sauran na'urori masu arha shi ne abin da kamfanin ya kira Multi-IQ. Yawancin na farashinta da zango ɗaya suke aika saƙo cikin ƙasa, ita kuwa da zanguna da yawa take aikawa a lokaci guda, kamar rediyon da ke kama tashoshi da dama ya tace maka su. Amfanin wannan a bakin teku na gan shi. Jiƙaƙƙen yashi mai gishiri yana rikita na'ura mai zango ɗaya, ta yi ta kuka ba dalili. Na tsaya kusa da wani saurayi da tasa take ta surutu har ya haƙura ya koma busasshen yashi, tawa kuwa shiru, sai in akwai abu. Abin da na samu ranar: fam ɗaya-ɗaya guda huɗu na zamani, makullin mota, da cokali. Kuɗin suka tafi a kifi da dankali.

Allon yana ba ka lamba daga -9 zuwa 40. Ƙasa da sifili baƙin ƙarfe ne, ƙusa, takalmin doki, guntun garma. Can sama kuwa tagulla ce da manyan azurfa. A watannin farko na ɗauki lambobin nan tamkar hukuncin alƙali. In na ga ashirin da wani abu in haƙa, in na ga sha uku ko sha huɗu in wuce, don na gaji da tono kunnen gwangwanin lemo, wanda nan yake faɗowa. Dattijon nan ya lura da ni, ya ce in daina kallon allo, in saurara. Ya ce ƙananan kuɗin azurfa na zamanin da, waɗanda aka buga da guduma, sirara ne kamar ɓawon albasa, kuma lambarsu a unguwa ɗaya take da ta kunnen gwangwani. Wato wata uku ina taka abin da na fito nema ina wucewa.

Daga nan na canza. In ƙarar ta fito gajera, a dunƙule, kuma ta maimaita kanta in na juya na biyo ta wani gefen, to zan haƙa ko lambar nawa ce. In ta fito a yage, tana gurnani a ƙarshe, yawanci tsatsa ce. Muryoyi uku kawai 440 take da su, ƙasa, tsakiya da sama, amma a cikin ukun nan akwai bambancin da kunne ke koya a hankali, wanda ba zan iya rubuta shi ba. Har yanzu cikin rami goma, takwas ko tara shara ce: gindin harsashin bindigar farauta, dalma, takardar alminiyom, maɓallan da ba su da iyaka. Ina da bokiti guda cike da su a gareji, don ƙa'ida ce ba ka mayar da shara cikin rami.

A wata gonar sha'ir bayan girbi, cikin watan Satumba, kwalliya ta fara biyan kuɗin sabulu. Da safe na ciro wani ƙaton kwabo mai kauri, na 1797, zamanin Sarki George na Uku, wanda aka buga a masana'antar Matthew Boulton da ke Birmingham. Nauyinsa oza guda cur, giram 28, Turawa suna kiransa ƙafar amalanke saboda kaurin bakinsa. Goma sha biyu irinsa a aljihu sai wando ya zame. Bayan azahar, na yi salla a gindin shinge, na dawo, ƙara ta fito siririya a lamba sha biyar. Na yanka ƙasa, na juya hoge, sai ga wani ɗan abu toka-toka, bai kai farcen babban yatsa ba, gefe guda a gutsure. Na zuba masa ruwa. Ga kan sarki da kambi, ga dogon gicciye a baya. Jami'ar da ke rajistar irin waɗannan abubuwa ta tabbatar mini daga baya cewa kwabon azurfa ne na Edward na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1272 zuwa 1307. Na zauna a kan kututturen sha'ir ina lissafi: wanda ya yar da wannan kuɗin ya yar da shi tun kafin Yaji ya hau sarautar Kano. Wataƙila ladan yininsa ne gaba ɗaya. Wataƙila ya sha faɗa a gida.

Sisina na farko kuwa na 1916 ne, ya fito fari tas kamar jiya aka binne shi, don azurfar lokacin kusan tsantsa ce, kashi 92.5 cikin 100. Daga 1920 aka rage ta zuwa rabi, daga 1947 aka cire ta ɗungurungum. Shi uwargida ta karɓe, ta ce ladan haƙurinta ne.

Akwai abubuwan da ba ta da su, kuma gara mutum ya sani kafin ya biya. Akwatin sarrafawa ba ya shiga ruwa, faifai ne kawai. A ƙasar da ruwan sama ba ya sallama, wannan abin dubawa ne. Ranar da na manta rigar ruwanta a gida, laifina ne, dole na naɗe ta a leda na koma mota tun hantsi. Allonta ba shi da fitila, kuma a hunturun nan ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara. Abin kunnenta mai waya ne, wayar kuma takan sarƙe da shebur in ka durƙusa. Yayarta 540 tana da fitila da muryoyi biyar da damar haɗa abin kunne marar waya, da ƙarin kuɗi. Akwai kuma Simplex+ ta kamfanin Nokta na Turkiyya, wadda farashinsu ya yi kusa: ita ana nutsa ta gaba ɗaya har mita uku, tana da fitila da batirin ciki, amma zangonta ɗaya. Mai shiga rafi ya ɗauki waccan. Ni da nake raba lokacina tsakanin gona da bakin teku, da za a mayar da ni baya, 440 ɗin zan sake ɗauka.

Kuɗin kuma ba a kan na'ura yake tsayawa ba. Tana da maɓallin da ke nuna maka daidai tsakiyar abu, amma in ka buɗe rami kana buƙatar 'yar ƙaramar na'ura ta hannu da za ka zura ciki. Wadda aka fi sani ta Garrett ce, masu harkar suna ce mata karas saboda launinta. Sai shebur mai ƙarfi, safar hannu, takalmin ruwa marar ƙarfe a baki (na fara da mai ƙarfe, na yini ina gano ƙafata), da kuɗin shiga ƙungiyar masu wannan nishaɗi ta ƙasa saboda inshora, don manoma da yawa sai sun ga katin.

Manomin shi ne maganar gaba ɗaya. A Ingila babu ƙasar da ba ta da mai ita, kuma ba ka da ikon kunna na'ura a gonar kowa sai da izininsa. Wuraren tarihi da gwamnati ta killace kuwa laifi ne kai tsaye. Na ƙwanƙwasa ƙofa goma sha ɗaya kafin mutum ɗaya ya ce to, shi ma don dattijon nan ya tsaya mini. Yanzu duk fitar da na yi sai na nuna wa manomin abin da na samu, na rufe ramukana yadda ba zai gane wurin ba, da ƙaramar salla kuma Ummi takan kai wa matarsa cincin. Dokar 1996 ta ce in ka samu kuɗin zinare ko azurfa biyu ko fiye a wuri ɗaya da suka haura shekara 300, ko na tagulla goma, to taska ce, kana da kwana 14 ka kai rahoto. In gidan tarihi yana so, a yi mata kuɗi, yawanci a raba tsakaninka da mai gona. Wasu mutum biyu da suka ɓoye taskar da suka tono a Herefordshire a 2015 sun ƙare a kurkuku a 2019. Kowa a harkar kuma ya san labarin Eric Lawes, wanda ya fita neman gudumar abokinsa da ta ɓata a wata gona a Hoxne, nan maƙwabtanmu Suffolk, a 1992, ya faɗa kan kuɗin Rumawa sama da 14,000. An biya fam miliyan 1.75, gudumar ma tana gidan tarihi na Birtaniya. Irin wannan labarin ne ke sayar da na'urori. Ni dai na tambayi malaminmu hukuncin rikazi, wato dukiyar da aka binne tun zamanin da, ya ce humusi ne, ɗaya cikin biyar, sannan ya dubi abin da ke cikin gwangwanina ya ce in je kawai, Allah ya ƙara buɗi.

Wanda yake da gonar da aka ba shi izini, ko yake kusa da bakin tekun da aka yarda a yi, kuma bai taɓa riƙe irin wannan na'ura ba, Vanquish 440 ta ishe shi shekara biyu ko uku ba tare da ya ji ta yi masa kaɗan ba. Kunna ta kawai ake yi, a zaɓi tsarin kuɗi ko na kayan tarihi, a fara tafiya. Wanda ba shi da wurin zuwa ya fara neman wurin tukuna, don na san mutum biyu da nasu ke jingine a bayan ƙofa.

Manomin ya aiko mini saƙo shekaranjiya cewa ya huɗe gonar da ke bayan cocin ƙauyen, wadda bai taɓa barina na shiga ba, kuma sai ƙarshen wata zai yi shuka. Na riga na nemi a musanya mini aikin daren Juma'a, batura takwas suna kan caji.