iFixit: fankar Hajiya ce ta kai ni, tsarinsu ne ya riƙe ni

Toh jama'a na daɗe ina son in yi magana a kan iFixit, shafin intanet da ke koya wa mutum gyaran kayansa mataki mataki, don yawancin waɗanda suka san sunan da zarar ka ambata sai su ce ai wannan na masu gyaran waya ne, alhali ni fanka ce ta kai ni wurin. Fankar tsaye ta ɗakin Hajiyarmu, ka kunna ta sai ta yi ta ƙugi amma fukafukan ba sa juyawa sai ka tura da yatsa, ga zafin bazara ga tsohuwa ba ta iya barci. Na kai ta wurin wani mai gyara a bakin layinmu ta yi kwana biyar, ta dawo noti biyu sun ɓata, bayan sati kuma ta koma gidan jiya. Ranar nan na ce bari in buɗe ta da kaina.

Ga wanda bai sani ba, a 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar Cal Poly da ke garin San Luis Obispo a jihar Kalifoniya ta Amurka suka fara shi, Kyle Wiens da Luke Soules. Kwamfutar Wiens ce ta samu matsala ya nemi bayanin gyaranta bai samu ba, shine suka fara rubuta nasu. Yanzu kamfani ne mai ma'aikata, yana samun kuɗinsa daga sayar da kayan aiki da kayan canji, amma karatun kyauta ne kuma kowa zai iya yin rajista ya rubuta jagorar gyara ko ya gyara ta wani, kamar dai yadda ake yi a Wikipedia.

Abin da ya fi burge ni wallahi ba yawan bayanin ba ne, don bayani ai ya cika intanet, ka shiga YouTube ka rubuta gyaran fanka bidiyo zai fito maka har ka gaji, wani minti ashirin yana surutu kafin ya taɓa sukundireba, datarka na tafiya. Nan kuwa komai yana da ɗakinsa. Ka shiga ɓangaren kayan gida, daga nan ka zaɓi irin abin, injin wanki ne ko firji ko fanka, sai kamfanin da ya yi shi, sai lambar samfurin, kuma hanyar da ka biyo tana nan a jere a sama, in ka ɓata sai ka koma baya taki ɗaya ba sai ka fara daga farko ba. Kamar shagon kayan gini ne wanda mai shi ya ware fayif gefe guda, kayan wuta gefe guda, ƙusa kowace da gwangwaninta, ko yaron shago baya nan ka san inda za ka miƙa hannu.

Kafin ka kwance noti ko ɗaya an riga an faɗa maka wahalar aikin, mai sauƙi ne ko matsakaici ko mai wuya, da lokacin da zai ci, da kayan aikin da za ka tanada. Wannan kaɗai ya isa ya hana mutum ɓarna, don sau nawa muke buɗe abu sai an kai tsakiya a ga babu sukundireban da ya dace sai a saka wuƙa a lalata kan notin. Sannan kowane mataki da hotonsa, a jagororin da aka yi da kyau za ka ga an zagaye noti da jan layi wasu da ruwan lemo, a ƙasa an rubuta tsawon kowanne, don kar ka mayar da dogo a ramin gajere. Akwai wata dabara kuma da sai da na ɗan jima na gane ta, matakin da ake maimaitawa kamar cire murfin baya sau ɗaya ake rubuta shi, sai a jona shi cikin duk jagorar da ke buƙatarsa, in wani ya gyara kuskure a wurin to ya gyaru ko'ina. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin ƙungiya ya san darajar wannan.

Kuma sun nuna cewa tsarawa aiki ne mai zaman kansa. A 2020 lokacin korona suka tattara littattafan gyaran na'urorin asibiti sama da 13,000, har da na injin taimakon numfashi, ma'aikatan laburare da masu adana takardu sama da 200 suka sa kai suka zauna suna sa wa kowane fayil suna suna kai shi inda ya dace. Ba su rubuta sabon abu ba fa, jerawa kawai suka yi, amma jerawar ce ta sa mai gyara a asibiti zai iya samun abin da yake nema cikin gaggawa.

Sai dai ka shiga da saninka, ɓangaren wayoyi da kwamfuta ya fi na kayan gida cika nesa ba kusa ba. iPhone kusan kowace da jagororinta reras, amma irin fanka da dutsen guga da ake sayarwa a kasuwanninmu sai ka yi haƙuri ka nemi mai kama da naka, kuma ba abin mamaki ba ne tunda mai sa kai abin da ke ɗakinsa yake kwancewa ya ɗauki hoto. Babu Hausa a harsunansu, dole ka san sunan abin da Turanci ko wani daga cikin harsunan da suke da su.

Inda nake roƙon kowa ya buɗe ido shine harkar wuta. Wutar soket a Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Launin waya ma ya bambanta, a can baƙar waya ita ce mai wuta, farar kuma ita ce marar wuta, mu kuwa a tsohon tsarin Ingila da har yanzu yake cikin gidaje da yawa ja ce mai wuta baƙa marar wuta, a sabon tsarin kuma ruwan ƙasa ce mai wuta shuɗiya marar wuta. Ka ga wanda ya bi hoton Amurka ido rufe zai iya jona abu a juye. Da ni ne mai tsara ɓangaren gida da na sa alama babba a saman duk jagorar da ta shafi wuta, a rubuta ƙasar da aka yi ta da ƙarfin wutar, sannan a bar mutum ya tace ta wannan hanyar. Kuma da na ƙara fito da neman gyara ta hanyar alamar ciwo gaba gaba, don uwar gida ba ta san lambar samfuri ba, abin da ta sani shine firji ya daina sanyi ko famfo yana ɗiga, suna da shafukan gano matsala masu kyau amma ya kamata su zama ƙofar farko ga kayan gida.

Fankar Hajiya dai kafasita ce ta mutu, ɗan baƙin akwatin nan da ke maƙale kusa da moto, ga kuma sandar da ke juya fukafukan ta bushe ba mai. Na zare ta daga soket, na ɗauki hoton yadda wayoyin suke kafin in taɓa komai, na je kasuwa da tsohuwar a aljihu na sayo mai lamba iri ɗaya, na ɗiga man keken ɗinki gaba da bayan sandar. Noti biyun da suka ɓata na samo a jikin wata matacciyar rediyo. Yau wata uku kenan tana juyawa, kuma Asabar mai zuwa in sha Allah zan ari wayar ƙanina mai kyamara mai kyau in sake kwance ta daki daki in ɗauki hotuna, in saka jagorarta a iFixit a ɓangaren fanka da rubutun bolt 230 a layin farko.