Iyafis na gudu: wanda zai bar maka kunne a buɗe, da yadda ake gane jabunsa

Na fi shekara huɗu ina fita sassarfa bayan sallar asuba, daga unguwarmu zuwa wajen Filin Sukuwa a nan Kano, in zagayo in dawo kafin rana ta ɗaga. Iyafis biyar suka wuce ta hannuna a wannan tsakanin. Ɗaya gumi ya kashe shi, ɗaya ya faɗa kwata, ɗaya ya kusa jawo mini asarar rai, ɗaya jabu ne aka sayar mini da sunan na gaske. Na biyar shi ne a kaina har yau, kuma tun da abokan gudu sun dame ni da tambayar wanne za su saya, bari in zayyana abin da na sani.

Kafin maganar daɗin sauti, mai gudu a titunanmu yana da tambaya guda da ya kamata ya fara yi: in na sa wannan abu, zan ji abin da ke tahowa ta bayana? Yawancin hanyoyinmu ba su da gefen masu tafiya a ƙasa. Kana gudu ne kafaɗa da kafaɗa da adaidaita sahu, da mai babur ɗin da bai kunna fitila ba, da mai kurar ruwa, ga hazon hunturu ya rufe gari. Ranar da na gane haka, ina sanye da irin ƙananan nan da ake cusawa cikin kunne, masu toshe hayaniyar waje. Na ratse don in kauce wa wani rami, sai kawai na ji iska ta share mini gwiwar hannu. Mai adaidaita ne. Ya tsaya can gaba ya leƙo, fuskarsa duk tsoro, ya ce, "Haba Malam! Tun daga can nake danna maka hon!" Wallahi ko ɗaya ban ji ba. Da na ƙara taku guda zuwa dama, da yanzu wani zancen ake yi.

Daga nan na koma wa irin wanda ba ya shiga kunne sam, wanda ke aika sauti ta ƙashi. Wanda nake amfani da shi shi ne Shokz OpenRun, kuma ba zan ɓoye ba, shi nake ba kowa shawara.

Ga yadda yake. Wani siririn baka ne mai lanƙwasa da ke zagayowa ta ƙeya, ya hau saman kunnuwa, sannan kawunansa biyu su kwanta a kan ƙashin da ke gaban kunne, daidai inda saje yake farawa. Maimakon ya hura sauti cikin ramin kunne ya bugi dodon kunne, sai ya riƙa girgiza a hankali, girgizar ta bi ƙashi ta isa can cikin kunne inda ake ji. Ramin kunnenka a buɗe yake wayam. Kana sauraron labaran safe ko karatu ko wa'azi, kana kuma jin ƙarar injin a bayanka, kana jin takun wanda ke biye da kai, kana amsa sallamar dattijon da ke dawowa daga masallaci ba sai ka cire komai ba. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a wurina, domin na sha wuce mutane suna yi mini magana ban sani ba, har aka fara cewa girman kai gare ni. Ba a nan kaɗai ake ganin amfaninsa ba: a Birtaniya, dokar hukumar guje-guje ta hana sa iyafis mai rufe kunne a tseren da ake yi kan titin da ba a tare wa motoci ba, amma ta bar irin wannan mai bi ta ƙashi.

Nauyinsa giram 26 ne, in ka yi minti biyar da shi sai ka manta yana nan. Ba ya faɗuwa, ko ka yi tsalle ko ka sunkuya ɗaure igiyar takalmi. Cajinsa yana kai awa 8, wato ni da nake yin kamar minti arba'in a rana, sau ɗaya nake sa masa caji a mako har da saura. In kuma wuta ta yi halinta ka tashi ka tarar ya mutu, cajin minti 10 yana ba ka kusan awa ɗaya da rabi. Ƙanwata da ta ara ta gwada ta ce yana zama lafiya a ƙarƙashin hijabi, sai dai ita ƙaramin samfurin da ake kira Mini ya fi dacewa da kanta, don na hannuna yana yi mata lilo a ƙeya. Mai tabarau ma zai iya sa shi, ka fara ɗora shi sannan ka sa tabarau a sama.

Sai maganar gumi da ƙura, wadda ta ci mini iyafis na farko. A jikin kwali za ka ga an rubuta IP da lambobi biyu. Lamba ta farko ta ƙura ce, daga 0 zuwa 6. Ta biyu ta ruwa ce. In ka ga X a gurbin ɗaya, ma'anarsa ba a gwada wannan ɓangaren ba. IPX4 yana nufin zai jure fantsamar ruwa da gumi daidai gwargwado, amma ba a ce komai a kan ƙura ba. IP67, wanda OpenRun ke da shi, yana nufin ƙura ba ta shigarsa ko kaɗan, kuma zai iya zama cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. Masu rubuta sharhin kayan nan a Turai ruwan sama ne damuwarsu. Mu kuwa muna da watannin hunturu da ƙura ke shiga har cikin tukunya a rufe, sannan bazara ta zo ka dawo gida riga kamar an tsoma ta a rijiya. Don haka lambar farkon nan ta fi mana muhimmanci fiye da yadda suke ɗauka. Ka kuma sani da ruwa mai tsabta ake wannan gwaji, gumi kuwa gishiri gare shi, shi ne yake cin ƙarfen wurin caji har ya yi kore. Duk wanda ka saya, ka goge shi da tsumma in ka dawo, kada ka sa shi a caji yana jiƙe.

Yana da aibu, kuma gara ka ji su tun yanzu. Sautinsa ba shi da nauyin ganga, mai son kiɗa ya riƙa dukan ƙirji ba zai gamsu ba. In ka ƙure ƙara zai riƙa yi maka cakulkuli a kumatu. A babban titi lokacin da tireloli ke wucewa, maganar da kake saurare za ta nutse, sai ka yi haƙuri su wuce. Kada ka biye musu ka ƙure, domin bin ƙashi bai hana ƙara yi wa ji illa ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce iyakar da babba zai saurara lafiya ita ce ƙarar desibel 80 na awa 40 a mako. Tsohon samfurinsa da wata caja ta musamman mai maganaɗisu yake aiki, in ta ɓace samunta sai an sha yawo, saboda haka ka nemi sabon mai USB-C. Ga kuma tsada: a Amurka ma dala 130 ne, ka lissafa da canjin yau. In kuɗin bai kai ba, ƙaninsa OpenMove yana wajen dala 80, awa 6, IP55, kuma aikin barin kunne a buɗe duk ɗaya ne. Yayansa OpenRun Pro 2 ya fi shi sauti da daɗewar caji, amma shi ma IP55 ne, ban ga dalilin ƙara kuɗi in rage kariya daga ƙura ba.

Sauran fa? AirPods Pro na zama a ofis da shiga jirgi ne, babu abin da ya riƙe shi a kunne mai gumi sai ɗan robar bakinsa. Powerbeats Pro yana da ƙugiya da ke rataye a kunne, ba ya faɗuwa, amma ya toshe kunne kuma IPX4 ne kawai. Jabra sun yi masu ƙarko, sai dai tun 2024 kamfanin ya sanar da daina fitar da wannan layi, ba na sayen abin da mai shi ya juya masa baya. Mai igiya da ake jonawa a waya yana da araha kuma ba ya neman caji, amma igiyar za ta yi ta dukan ƙirjinka, ga wayoyi da yawa yanzu ba su da ramin. Wanda zan ɗan tsaya a kansa shi ne na rataya a wuya irin Necklace na Oraimo: ko ya fita daga kunne ba zai kai ƙasa ba, kuɗinsa talaka zai iya, kuma ana samunsa ko'ina. In shi ne ƙarfinka, saya, amma a titi ka sa kunne ɗaya kawai, ka bar na ɓangaren motoci a buɗe.

Yanzu ga inda na fi so ka buɗe ido, don nan ne aka cuce ni.

Kafin in sami na gaske, na ga talla a intanet, hoto mai kyau, an rubuta mai bi ta ƙashi ne, an rage kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗi wai kaya ne suka rage. Na kira mutumin, ya ce, "Alhaji, orijina ne, daga waje aka kawo, saura guda biyu." Na tura kuɗi, aka aiko ta mota. Cinikin biri a sama ke nan. Kwalin ya yi kyau, sifar ta yi daidai, har na yi kwana uku ina gudu da shi ina murna. Abin da ya fara ba ni shakka shi ne yarona da ke zaune a ɗaya gefen falo ya faɗa mini abin da nake saurare kalma da kalma. Na ɗauko shi na duba da fitilar waya, sai ga wasu 'yan ramuka a jere a kowane kai, suna kallon kunne. Ashe ƙaramar lasifika ce kawai aka cusa a cikin roba, babu wata girgiza. A mako na uku gumi ya bi ta ramukan nan, ɓangaren hagu ya mutu. Lambar mutumin kuwa tuni ta daina shiga.

Gwajin da zai raba maka gardama ba ya cin minti ɗaya, kuma a gaban mai shago za ka yi shi. Sa shi a kai, kunna magana, sannan ka toshe kunnuwanka biyu da yatsu. In na gaske ne, sautin zai ƙara ƙarfi ya cika maka kai. In jabu ne, zai dushe ko ya ɓace, tunda ta iska yake zuwa. Bayan haka ka cire shi ka matse kan tsakanin yatsu biyu, ka ƙara ƙara: na gaske yana rawa a hannu kamar waya in an kira ta. Ka dubi fuskar da ke kwanciya a kan ƙashi, a OpenRun sumul take babu ramin lasifika. Ka lanƙwasa bakan a hankali, na gaske da ƙarfen titaniyom aka yi cikinsa, yana komawa yadda yake, na jabu kuwa ko ya sage ko ka ji yana ƙara kamar zai karye. Duk mai shagon da ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, ka ce to za ka biya amma a gabansa za a gwada, in ya faɗi gwaji ya dawo maka da kuɗinka. In ya ƙi, ka yi masa sallama.

Ka kula da suna ma. Kamfanin a da AfterShokz ake kiransa, a ƙarshen 2021 ya koma Shokz, kuma wanda OpenRun ya gada sunansa Aeropex. In aka miƙo maka kwali da tsohon suna aka ce sabon shigowa ne, to ko dai tsohon kaya ne da batirinsa ya yi shekaru a kwance, ko kuma kwaikwayo ne. Akwai kuma masu sauya harafi ɗaya a sunan don ido ya zarce.

Wannan cuta ba ta tsaya a nan ba. AirPods na jabu yanzu suna fito da hoton nan a fuskar iPhone in ka buɗe akwatinsu, tamkar na gaske, kuma suna kwafe lambar jikin na gaske, ta yadda ko ka duba a shafin Apple za ka ga ta fito. Tun daga iOS 16, wato manhajar iPhone ta 2022, waya takan yi gargaɗin cewa ta kasa tantance su, in ka ga wannan ka ajiye, amma rashin ganinsa ba shaida ba ce. Oraimo ma da yake mai sauƙin kuɗi ne bai tsira ba. Ka duba tambarin da ake kankarewa a jikin kwali, ka shigar da lambar a shafinsu tun kana tsaye a shagon. Lambar IP ɗin ma ana ƙaryarta: kwalin da ba shi da sunan kamfani ko adireshi, amma an buga masa IPX8 da manyan baƙaƙe, tawada ce kawai. Haka awannin caji, in ka ga ɗan ƙaramin abu an ce yana awa hamsin, ka tambaya ko da akwatin cajinsa aka haɗa lissafin.

Na hannuna na yanzu a shago na saye shi, ido da ido. Na toshe kunnuwa a gaban mai shagon, na ji muryar mai karanta labarai ta cika mini kai, sannan na ƙirga kuɗi. Na sa ya rubuta mini rasit da sunan samfurin da lambar jikinsa da kwanan wata, ya kuma rubuta da hannunsa kwana nawa zan iya dawo da shi in ya ba da matsala. Rasit ɗin yana cikin kwalin, kwalin yana saman kwaba, hunturu biyu ke nan ban buƙaci sauko da shi ba.