Bartimawas ko Makahon Siluwam: Wanne Za a Koyar?

Malaman makarantar Lahadi sun sha tambayata wanne ya fi dacewa a koyar a cikin labaran nan biyu.

Na Bartimawas, a Markus 10:46-52, aya 7 ne kacal. Kafin yara su fara gyangyaɗi an gama. Bartimawas makaho ne, yana bara a bakin hanyar Yariko, ana tsawata masa ya yi shiru, shi kuwa sai ƙara ɗaga murya yake, yana roƙon Yesu, Ɗan Dawuda, ya ji tausayinsa. Da aka kira shi, ya yar da mayafinsa ya zabura. Yesu ya ce bangaskiyarsa ta warkar da shi, sai ya soma gani. Haɗarin labarin ɗaya: mai sauraro ya ɗauka duk wanda bai warke ba, bangaskiyarsa ce ta gaza.

Yahaya sura 9 kuwa aya 41 ce, tana cin lokaci, amma fa akwai abin taunawa. Almajiran Yesu suka ga wani da aka haifa makaho, suka tambaya ko zunubin mutumin ne ya jawo ko na iyayensa. Yesu ya ce ba ko ɗaya. Ya kwaɓa ƙasa da yawu, ya shafa masa a ido, ya aike shi tafkin Siluwam, ya wanke ya dawo yana gani. Sai rigimar Farisiyawa, wato malaman addinin Yahudawa, ta taso saboda Asabar ce, ranar hutu, har suka kori mutumin.

In yara ne ko gajeren wa'azi, Bartimawas ya wadatar. Manya masu nazari, da iyayen da ake yi wa gori kan nakasar ɗansu, Yahaya 9 ce tasu.