Sun aro mini Gaskiya Ta Fi Kwabo daga wata laburare, sun karɓe ina tsakiyar aiki

Duk ɗalibin da ya zo karatun digiri na biyu ko na uku a Amurka, tun makon farko za a gaya masa cewa in littafin da yake nema babu shi a laburaren jami'arsa, ya cika fom kawai, za a aro masa daga wata. ILL kowa ke ce wa abin a nan. Na daɗe ina amfani da shi, kuma 'yan'uwa sababbin zuwa suna yawan tambayata ko abin dogaro ne. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda ta kaya tsakanina da shi.

Ta fuskar maƙala ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Ka shiga ILLiad, wato shafin intanet da ake cike fom ɗin, ka sa sunan mujalla da shekara da shafuka, ka tura. Sau da yawa da daddare nake turawa, kafin azahar ta washegari saƙo ya shigo imel cewa PDF ya iso. Babi guda na littafi ma haka ne, kuma ko sisi ba a taɓa karɓa a hannuna ba. Ka dai sauke nan take, domin bayan kwana 30 za ka nemi takardar ka rasa. Amma ba maƙala ce ta sa na zauna rubutu ba.

Bincikena a kan yadda mutanen Arewa suka riƙa samun labarin Yaƙin Duniya na Biyu ne, musamman labarin sojojinmu da Turawa suka kwasa zuwa Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Wanda ya san Kaduna ya san barikin Kalapanzin da barikin Dalet, mutumin Zariya kuma ya san Chindit. Sunayen nan duk daga wancan yaƙin suka samo asali, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san haka. To, mai irin wannan aiki ba shi da makawa sai ya karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta. Jami'armu ko shafi ɗaya ba ta da shi. Na duba WorldCat, wato rumbun intanet da ke nuna abin da laburarori suke da shi, na ga akwai 'yan laburarori ƙalilan da suke da ita a maikurofim, wato an ɗauki hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya a kan siririn fim an naɗe. Na cika fom, na nemi 1943 zuwa 1945.

Na jira, na jira, sai ga saƙo mai layi biyu: an soke buƙatarka, ba a sami mai bayarwa ba. Shi ke nan. Babu bayanin wa aka tambaya, babu abin da zan yi gaba. Raina ya ɓaci matuƙa, domin babin da nake rubutawa kacokan a kan jaridar nan ya dogara, kuma malamina yana jiransa.

Washegari na sauka ofishinsu da ke can ƙasan ginin, na tarar da wata dattijuwa, Baturiya, da alama ta daɗe a aikin. Wannan baiwar Allah ita ce dalilin da ya sa har yau ban iya kushe ILL gaba ɗaya ba. Ta ba ni kujera, ta juyo da kwamfutarta ta nuna mini yadda abin yake tafiya. Ashe buƙata ba ta tafiya ko'ina lokaci ɗaya. Jerin laburarori ake yi mata, ta fara zuwa ta farko, a ba ta 'yan kwanaki ta amsa. In ta ce a'a ko ta yi shiru, buƙatar ta wuce ta biyu, haka har jerin ya ƙare, sai ta faɗi. Tawa kuwa wasu sun ce ba sa ba da aron fim, wasu suna da jaridar amma ta shekarun baya-bayan nan, ba ta zamanin yaƙi ba. Ta ce jarida ba kamar littafi ba ce, ganin sunanta a WorldCat ba ya nufin suna da shekarar da kake so. Ta tambaye ni wace shekara na fi matsuwa da ita, ta rubuta a takarda, ta ce ita da kanta za ta rubuta wa mai kula da sashen Afirka na wata jami'a maimakon ta bar wa na'ura. A bakinta ne ma na fara jin labarin CRL, wata laburaren bincike da ke Chicago, wadda jami'o'i suka haɗa hannu suka kafa a 1949, da shirinta na CAMP da tun 1963 yake tattara jaridu da takardun Afirka a fim. Ta ce da jami'armu tana cikin mambobi, da can za ta fara leƙawa. Ba ta ciki. Wanda jami'arsa take ciki, ya gode Allah, ya fara tambaya ta can.

Ban sa rai ba, gaskiya. Har na fara tunanin yadda zan sake fasalin babin. Kwatsam wata ranar Talata saƙo ya shigo cewa kayana sun iso.

Ɗan kwali ne aka miƙo mini, a cikinsa ƙananan akwatuna uku masu ruwan toka, kowanne an manna masa takarda da sunan jaridar da shekara, an buga da tsohuwar tafireta har tawadar ta fara koɗewa. An ɗaure su da farar takarda mai ɗauke da sunana da ranar mayarwa, da gargaɗin cewa ba a fita da su daga laburare. Wani ɗalibi mai aiki a wurin ya nuna mini yadda ake zura bakin fim ɗin tsakanin gilasai biyu a ɗaura shi a ɗaya ƙafar. Na murɗa, allo ya yi duhu, layuka suka wuce a guje, na rage gudu, sai ga kan jaridar ya tsaya a gabana. Hausa ce tsantsa, irin wadda kakanninmu suke yi, a kan allo a wani gari da dusar ƙanƙara ta rufe. Na daɗe ban murɗa gaba ba. Labaran yaƙi, wasiƙun masu karatu daga garuruwan da na sani, sanarwar hukuma, duk ga su nan. Wani shafin ma kana ganin inda takardar ta karye tun kafin a ɗauki hoton, wani kuma gefensa ya shige cikin ɗinki har kalmomin ƙarshen layi sun ɓace, sai ka cike da hankalinka.

A daren na kira Baba a waya na gaya masa. Ƙanin mahaifinsa yana cikin waɗanda suka je Bama. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ka duba da kyau, ko za ka ga sunan Baffa." Na ce, "In sha Allahu, Baba, zan duba." A ranar da an ce in yaba wa ILL, da ban san inda zan tsaya ba. A ce jaridar Zariya ta shekara tamanin da suka wuce ta biyo ka har inda kake, ba ka biya ko kuɗin aike ba! Na gaya wa duk wanda na haɗu da shi a masallacin Juma'a a makon nan.

To, daga nan ne abin ya fara canzawa. Da na sake duban farar takardar nan da kyau, sai na ga ranar mayarwa ta fi kusa da yadda na zata. Ashe lissafin kwanakin tun daga ranar da masu kayan suka sa shi a hanya yake farawa, ba daga ranar da ya shigo hannuna ba. Wannan na iya haƙura da shi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne tambarin da na gani a jikin kwalin: kayan sun iso jami'armu sun kwana da kwanaki a ajiye kafin a sanar da ni. Kusan mako guda aka cinye mini a kan kanta, ni kuma ina gida ina duba imel safe da yamma. Sannan na'urar da ke iya ɗaukar shafi ta mayar da shi PDF ɗaya ce tak a ginin, sauran na kallo ne kawai. Sai ka yi rajistar awa biyu, in ta cika ka tashi. Lokacin kuma hutu ne, ƙarfe biyar suke rufe sashen.

Duk da haka na tsara kaina, na ga in na dage zan gama. Na kammala 1943, na kai tsakiyar 1944, inda labarin Bama ya fara kankama. Sai ga wani saƙon: masu kayan sun ce a mayar musu nan take, wani nasu yana buƙata. Na karanta ya fi a ƙirga. Na 1945 ko buɗe akwatinsa ban yi ba, shekarar da aka ci garin Myohaung na Bama, shekarar da yaƙin ya ƙare, wato ainihin abin da na fi nema. Na gangara wurin dattijuwar nan jikina na rawa. Ta saurare ni har na gama, ta ce ta fahimta, amma mai kaya shi ke da doka: in ya ce a dawo, ba ta da ikon ƙara ko kwana ɗaya, kuma in suka saɓa, gobe ba za a ba jami'armu aro ba. Ta yi mini alfarma ɗaya, ta sa aka bar mini na'urar yinin ranar gaba ɗaya. Na daina karatu, na koma ɗauka kawai, shafi bayan shafi, ba ci ba sha. Da na koma gida na buɗe, sai na tarar wasu da yawa sun yi dishi-dishi saboda gaggawa, ba sa karantuwa.

Ban ce mai kaya ya yi laifi ba. Ɗalibinsu ya fi ni haƙƙi a kan kayan laburarensu, kuma kowa ya san kayan aro ba ya rufe katara. Amma da ba a ɓata mini makon nan a kan kanta ba, da na gama. Wannan ba laifin mai kaya ba ne, sakacin namu ne, kuma da na rubuta ƙorafi, amsar da na samu ita ce lokacin hutu ma'aikata sun yi ƙaranci. To, me ya hana a aiko mini da layi ɗaya in zo in ɗauka da kaina?

Da raina ya ɓaci kuma sai sauran abubuwan da na riƙa kawar da kai a kansu suka dawo mini. Akwai lokacin da na nemi juzu'i na biyu na wani littafi aka kawo na farko, na mayar, na sake komawa bayan layi kamar ban taɓa nema ba. Akwai sababbin littattafai da ba mai yarda ya bayar. Tsofaffin rubuce-rubucen hannu kuwa kada ma ka ɓata lokacinka; tarin littattafan Malam Umar Falke na Kano da ke laburaren Herskovits a Jami'ar Northwestern, irin waɗannan ba a sa su a akwatin aike ko'ina a duniya, kuma daidai ne, sai dai ka taka ka je ko ka nemi hoto. Abin da ya fi damuna shi ne kundayen digiri na gida. Aikin da malamanmu suka yi a Zariya da Kano da Sakkwato, wanda wani lokaci ya fi abin da aka buga a nan zurfi, ILL bai taɓa kawo mini ko ɗaya ba. Kullum amsar ɗaya ce, ba a sami mai bayarwa ba. Mai binciken Arewa da ya zaci fom ɗin nan zai isar masa, zai sha mamaki.

In ka tambaye ni yau, zan ce maka ka yi amfani da shi, ba ka da abin da ya fi shi, kuma na maƙala ba shi da na biyu. Amma in fim ne ko littafin da ba a samu, kada ka nemi abu da yawa lokaci ɗaya kamar yadda tsarin ke ba ka dama. Nemi naɗi ɗaya, ka gama, ka nemi na gaba. Ranar da ya iso ka ɗauke shafukan duka tukuna, karatu ya biyo baya. Ka kuma san fuskar ma'aikatan ofishin, domin abin da mutum ya yi mini na'ura ba ta yi ba.

Na sake tura buƙatar 1945. Har yanzu shafina yana nuna ana jiran amsar mai bayarwa, malamina kuwa ya ɗaga mini ranar miƙa babin zuwa zango mai zuwa. Na tura wa ƙanena da ke Kaduna kuɗin mota ya leƙa mini Arewa House da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, ya ga abin da zai samu ya ɗauko mini da waya. Wanda ya riga isowa tsakaninsa da kwalin, da shi zan yi aiki.