Hanyoyin Shiga Karatun Likita Daga Sakkwato: Abin da Mai Son Lissafi Zai Auna Kafin a Kashe Kuɗi

Ranar da aka ba da hutun zango na biyu, ɗiyar yayata, wadda take aji biyu a babbar sakandare, ta zo gidana a Mabera da takardar sakamakonta a cikin littafin lissafi. Ita ce ta ɗaya a lissafi kamar yadda ta saba tun ƙaramar sakandare, ta kuma yi ƙoƙari a fiziks da kemistiri, amma a bayoloji tana tsakiyar jeri. Bayan mun gaisa ta ce, "Kawu, likita nake son zama, amma babu darasin da ke shiga raina kamar lissafi, kuma Baba ya ce in tambaye ka hanyar da za mu bi kafin ya fara kashe kuɗi." Na daɗe ina koyar da lissafi, kuma wannan tambaya ta sha zuwa mini daga iyaye da ɗalibai, shi ya sa na ga ya dace in shimfiɗa hanyoyin da ake da su, da abin da kowace take ci na kuɗi da lokaci, domin iyali su auna tun kafin a sayi fom.

Abin da yakan ba masu son lissafi mamaki shi ne babu lissafi a cikin darussan da mai neman likitanci yake rubutawa a jarrabawar JAMB. Darussan huɗu ne, wato Turanci, bayoloji, kemistiri da fiziks, kuma tambayoyi 180 ake amsawa cikin awa biyu, 60 na Turanci, sauran ukun kowanne 40, jimillar maki kuwa 400. Inda ake neman lissafi shi ne a sakamakon WAEC ko NECO, domin dole a samu kiredit biyar a Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, kuma makarantun likitanci da yawa suna so a same su a zama ɗaya. Mai neman injiniyanci kuwa lissafi yake rubutawa a madadin bayoloji. Ke nan ranar da aka cike wa yarinya darussa a cibiyar rajista, a ranar ta riƙe ƙofa ɗaya ta saki ɗaya na wannan shekarar, domin ko an yi canjin kwas daga baya, sai zuwa kwas ɗin da darussan da ta rubuta suka dace da shi.

Wannan bai sa baiwar lissafi ta tashi a banza ba. Yawancin tambayoyin fiziks lissafi ne da aka lulluɓe da labari, haka nan kemistiri cike yake da auna nauyin sinadarai da daidaita ma'auni, kuma ɗalibin da kansa yake ja a lissafi yakan gama waɗannan da wuri ya samu lokacin komawa kan Turanci. Inda irin waɗannan ɗalibai suke tuntuɓe shi ne bayoloji, domin sun saba da fahimtar ƙa'ida ɗaya su warware tambaya ɗari da ita, alhali bayoloji yana buƙatar hadda da bita, suna bayan suna, zane bayan zane. Duk iyalin da ba su gane wannan ba za su zuba kuɗinsu inda yaron yake da ƙarfi, su bar inda yake da rauni.

Hanya mafi sauƙin kuɗi, wadda kuma ita nake fara ba kowa shawara a kai, ita ce rubuta JAMB a zaɓi Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, a matsayin zaɓi na farko. Kuɗin rajistar JAMB a 2025 bai kai naira dubu goma ba, ko da an haɗa da jarrabawar gwaji, sai dai a tanadi lambar NIN tun da wuri, a kuma tabbatar ɗalibin zai cika shekara 16. Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya yana ware kashi 45 ga cancanta zalla, kashi 35 ga yankin da jami'ar take, kashi 20 kuma ga jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin boko, don haka ɗan Sakkwato yana da damar da ba zai samu ba idan ya kai takardunsa wata jami'a mai nisa. Karatun shekara shida ne: shekarar farko ta kimiyya zalla ce, daga nan sai ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, sannan shekarun asibiti a Asibitin Koyarwa da ke Gawon Nama. Bayan kammalawa akwai horon shekara ɗaya a asibiti, sai bautar ƙasa.

Alfanun wannan hanya ya wuce araha. Ɗaliba tana kusa da gida, abinci da masauki ba su zama nauyi na dabam ba, kuma za ta koyi aikin ne a kan cututtukan da za ta ci gaba da gani, da harshen da majinyata suke magana da shi, domin tsohuwar da ta zo daga Gwadabawa ko Wurno tana cewa "cikina ke murɗa" ba ta buƙatar tafinta tsakaninta da likita. Tun 2024 kuma akwai rancen ɗalibai na NELFUND ga masu karatu a makarantun gwamnati. Illarta biyu ce. Ta farko ita ce gasa, saboda majalisar da ke kula da aikin likita a Najeriya, wato MDCN, ita take ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka, masu nema kuwa sun ninka guraben nesa ba kusa ba. Ta biyu ita ce yajin aiki, kamar na 2022 wanda ya riƙe jami'o'in gwamnati wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

A cikin wannan hanya ma akwai sayayyar da sai an yi hattara, kuma a nan ne na fi ganin ana asara. Iyaye sukan tsaya tsakanin lesin na gama-gari, inda ake tara ɗalibai masu yawa a aji ɗaya ana bin dukkan darussa, da malamin gida na darasi ɗaya, da kuma manhajar tambayoyin baya da ake sakawa a waya ko kwamfuta. Ga ɗalibi mai ƙarfi a lissafi, lesin na gama-gari yakan cinye masa lokaci a kan abin da ya riga ya iya, don haka na fi son a ɗauki kuɗin a nemi malamin bayoloji nagari, wanda zai bi manhajar karatun JAMB, wato jerin batutuwan da ake yin tambaya a kansu, babi bayan babi, ya sa ɗalibi ya zana zuciya da ƙoda da hannunsa har sai ya iya ba tare da duba littafi ba. Manhajar karatun kanta kyauta ce a shafin JAMB na intanet, babu dalilin sayenta a hannun kowa. Manhajar tambayoyin baya tana da amfani na gaske, musamman ga wanda bai saba da kwamfuta ba, amma sai a kan kwamfuta mai linzami da agogo yana tafiya, domin latsa waya a kwance a kan gado ba ya koyar da saurin da zauren jarrabawa yake buƙata. Kalkuleta kuwa ba a shiga da ita JAMB, akwai ƙarama a fuskar kwamfutar, saboda haka wadda za a saya ta WAEC da NECO ce, kuma ta kimiyya ta yau da kullum wadda ba a shigar mata da bayanai ta isa. Makarantar da take alkawarin "taimako" a ɗakin jarrabawa kuwa, ko kyauta ce a guje ta, domin kiredit ɗin da aka saya yana tona asirin mai shi tun a shekarar farko ta jami'a.

Hanya ta biyu ita ce share fage ta IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take gudanarwa, ko JUPEB, wadda cibiyarta take Jami'ar Legas. Ana yin kusan shekara guda ana karanta bayoloji, kemistiri da fiziks a mataki mai zurfi, sannan a sayi fom ɗin shiga kai-tsaye na JAMB a nemi aji biyu na jami'a. Karatun kansa yana gina ɗalibi sosai, amma kuɗinsa ya ninka na hanyar farko sau da yawa, guraben likitanci a aji biyu kuma sun fi ƙaranci, don haka sai wanda ya kusa cinye makin gaba ɗaya yake sa rai. Ina ganin ta fi dacewa da wanda ya rubuta JAMB bai samu ba, kuma ba a son ya zauna a gida, da sharaɗin ya sake rubuta JAMB ɗin a wannan shekarar don ya riƙe igiya biyu. Kafin a biya ko sisi, a tabbatar cibiyar tana cikin jerin waɗanda hukumar shirin ta amince da su, a kuma tabbatar jami'ar da ake so tana karɓar wannan sakamakon a likitanci.

Akwai masu karɓar wani kwas na kimiyya da niyyar sauyawa zuwa likitanci bayan shekara ɗaya. Wannan fata ce kawai, ba a gina shiri a kanta, kuma na ga ɗalibai da suka shekara huɗu suna karanta abin da zuciyarsu ba ta ciki saboda sun shiga da wannan niyya. Abin da ya fi shi ne a dubi kwasa-kwasan da suke amfani da darussan JAMB iri ɗaya, a zaɓe su don kansu: harhaɗa magunguna, kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, aikin jinya, ɗaukar hoton cikin jiki, da likitancin dabbobi, waɗanda duk ana yin su a nan Sakkwato. Ga mai son lissafi, ɗaukar hoto da harhaɗa magunguna sun fi kusa da ɗabi'arsa, domin na farko ya dogara sosai da fiziks, na biyu kuma awo ne da ƙididdiga daga safe har yamma.

Jami'o'i masu zaman kansu ba sa yajin aiki, amma kuɗin likitanci a cikinsu miliyoyin naira ne a kowace shekara, kuma sai a lissafa shekara shida cif, tare da tsammanin ƙari. Tambaya ɗaya ce ta fi kyawun gine-gine muhimmanci, wato ko MDCN ta ba makarantar cikakken izini har zuwa matakin asibiti.

Fita waje ita ce hanyar da ta fi ɗaukar hankalin iyaye, ita ce kuma ta fi buƙatar dogon nazari. Sudan da Masar sun daɗe suna karɓar 'ya'yanmu saboda kusancin addini da al'ada, wasu kuma sukan tafi Indiya ko gabashin Turai. Amma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya sa an kwaso ɗalibanmu a motoci zuwa iyakar Masar, wasu suna dab da kammalawa, kamar yadda yaƙin Yukren ya tarwatsa wasu a 2022, har MDCN ta bayyana cewa ba za ta amince da karatun likitan da aka ƙarasa ta intanet ba. Faɗuwar darajar naira tun daga Yunin 2023 ta sa kuɗin makarantar da ake biya da dala ya ninka a hannun iyayen da suka fara da lissafin da. Bayan duk wannan, wanda ya dawo da takardar waje ba zai taɓa majinyaci ba sai ya ci jarrabawar tantancewa ta MDCN. Wanda ya samu tallafin karatu cikakke a makarantar da aka amince da ita, ya tafi da albarka. Wanda kuwa gona ko fili za a sayar don shekarar farko ba tare da sanin inda ta biyu za ta fito ba, ina roƙon iyayensa su dakata.

Na ce wa ɗiyar tawa kada ta ɗauka shiga likitanci rabuwa ce da lissafi. Na rubuta mata tambaya a bayan takardar sakamakonta: yaro mai nauyin kilo 12, ana ba da farasitamol miligiram 15 ga kowane kilo, maganin ruwan kuma yana da miligiram 120 a cikin kowane mililita 5, nawa za a auna masa? Kafin in aje alƙalami ta ce miligiram 180, wato mililita 7.5. Irin wannan awo ne ake yi kullum a ɗakin yara, kuma kuskuren ɗigo ɗaya a wurin rubuta lamba yana iya ninka magani sau goma. Akwai kuma fannin lafiyar al'umma, inda ake ƙididdige yadda cuta take yaɗuwa, kamar sanƙarau da ya addabi Zamfara da Sakkwato a 2017, a gano inda za a fara kai rigakafi idan bai isa kowa ba. Wanda lissafi ya fi ƙarfin zuciyarsa har ba ya jin zai iya haddar sassan jiki, yana iya karanta lissafi ko ƙididdiga a digiri na farko, ya shiga wannan fanni a digiri na biyu, ya yi wa lafiyar jama'a aiki ba tare da ya riƙe allura ba.

Da yamma mahaifinta ya zo muka zauna mu uku. Mun tsayar da cewa za ta rubuta JAMB da bayoloji, Danfodiyo ce zaɓin farko, kuɗin da aka ware wa lesin kuma za a ba malamin bayoloji kwana uku a mako har zuwa jarrabawa. Maganar IJMB mun aje ta sai an ga sakamako, ta karatu a Masar kuwa mahaifin nata ya janye ta da kansa bayan mun buga kuɗin shekara shida da farashin dala na ranar. Ita kuma ta nemi a bar mata safiyar Asabar ta riƙa zuwa wurina muna yin lissafi, na amince da sharaɗin ta riƙa zuwa da zanen bayoloji guda ɗaya da ta yi da ka.