square() ko tara sine, amsa ga ɗan'uwanmu na Ƙauran Namoda

Ɗan'uwa da ke karatun lantarki a poli ta Ƙaura ya tambaya jiya, wai an ba su aikin zana igiyar sikwaya mai 50 Hz (zagaye 50 a daƙiƙa guda) a manhajar lissafi ta MATLAB, shi ya sa square() ta hito mashi tsaf, abokinshi ko ya tara sine ta hito da ƙahoni da lanƙwashe-lanƙwashe, to wa ad da gaskiya?

Malam duk ku biyun kun yi daidai, abin da kunka zana ne ba ɗaya ba.

Taka hanyar gajera ce. t = 0:0.0001:0.06 sai y = square(2*pi*50*t), ka samu zagaye 3 tunda kowane zagaye daƙiƙa 0.02 ne, igiyar na tsalle daga 1 zuwa -1 babu tsayawa tsakani. Sai dai square() na cikin Signal Processing Toolbox, wani ƙarin kunshi na MATLAB, in babu shi a kwamfutarka kuskure za ta ba ka, nan sai ka koma sign(sin(2*pi*50*t)), kusan abu guda ne illa a t = 0 sifili za ka gani ba 1 ba. Kuma don Allah ku riƙa sa ylim([-1.5 1.5]), in ba haka ba layin sama da na ƙasa su manne da bakin akwatin hoton mutum ya zaci ba abin da ya hito.

Ta abokinka ita ce ta Fourier, wato gina igiya ta hanyar tara sine da yawa, kuma ni ita nike ganin ta fi koyar da ɗalibi. Ana ɗaukar sine na 50 Hz, a ƙara na 150 an raba shi da 3, na 250 an raba da 5, na 350 da 7, haka dai lambobin mara kaɗai, a ninka jimlar da 4/pi. Da guda ɗaya sine ce zalla mai tsawon kusan 1.27, kana ƙarawa kafaɗun na miƙewa gefen na tsayuwa, amma ƙahonnin nan na bakin tsalle ba su tahiya ko ka tara ɗari biyar, sirancewa kawai su kai suna matsawa kusa da gefe, tsawonsu na nan wajen 1.18, wato sun zarce 1 da kusan kashi 9 cikin 100 na tsallen gaba ɗaya daga -1 zuwa 1. Ba kuskuren kod ba ne, sunan abin Gibbs, sunan masanin da ya yi bayaninshi a 1899, ko da yake Wilbraham ya riga shi gani tun 1848. Kar abokinka ya ɓata dare wajen gyaran abin da bai lalace ba.

Amfaninta shi ne tana nuna maka mi ke cikin igiyar. Ƙaramar inbata mai arha irin wadda ke ba da sikwaya, in anka jona mata fanka sai ka ji tana gurnani tana ɗaukar zafi, waɗannan 150 da 250 ɗin ne ke shiga cikin waya, square() ba za ta taɓa nuna maka su a hoto ba sai ka bi ta da fft, umarnin da ke ware sine ɗin da ke cikin igiya.

Inda square() ta yi ma Fourier nisa shi ne faɗin bugun, square(2*pi*50*t, 25) kawai ka samu kashi 25 sama sauran ƙasa, a ɗaya hanyar ko sai ka sake lissafin komai har lambobin cika su shigo. Masu Python ku kula nan, signal.square ta SciPy 0.25 take so ba 25 ba, ka sa 25 ta cika maka da NaN, wato "ba lamba ba", hoton ya hito fanko.

Duba takardar aikin, in malam ya ambaci harmonics (su 150 da 250 ɗin nan) ko Fourier to ta abokinka yake nufi, in PWM ce (sarrafa faɗin bugun) ko agogon dijital taka ce. In bai faɗi komai ba sa hold on ka ɗora su hoto guda kala daban.