Kwafin Action Comics na 1938 da ake sayarwa a Kano: ya cancanci kuɗinsa?

Masu sayar da littattafan Turanci a wajejen Sabon Gari sukan shigo da sabon bugun mujallar zane ta Action Comics fitowa ta 1, mai ɗauke da kwanan watan Yunin 1938, wadda Superman ya fara bayyana a cikinta. Tun farko a sani, kwafi ne aka sake bugawa. Na asalin santi 10 aka sayar da shi a lokacin, amma a 2024 an yi gwanjon guda ɗaya a kan dala miliyan 6. Duk wanda ya ce maka yana da na asali a kan tebur, duba bayan bango da ƙasan shafin farko. Ka ga layukan nan na sikanin ko shekarar bugu ta kwanan nan, magana ta ƙare.

Mujallar shafi 64 ce, kuma 13 kacal ne na Superman. Sauran labaran kaboyi ne, da na wani mai dabo Zatara, da makamantansu. Wanda ya saya don Superman kaɗai zai ji an rage masa mudu.

Sai dai shafukan nan 13 su ne nama. Jerry Siegel ya rubuta, Joe Shuster ya zana, samari biyu daga birnin Cleveland na Amurka, suka sayar da labarin har da haƙƙin mallakarsa a kan dala 130. Asalin jarumin gaba ɗaya a shafi guda aka tattare shi: wata duniya za ta tarwatse, masanin kimiyya ya sa jaririnsa a kumbo, wani mai mota ya tsince shi ya kai gidan marayu. Ba a ambaci sunan duniyar, wato Krypton, ba, babu iyayen riƙo, sai 1939 aka ƙaro su. Kuma ba ya tashi sama, tsalle yake yi, kamar mita 200, ko ya haye bene mai hawa 20. Abokan faɗansa ma mutane ne: mai dukan matarsa, 'yan daba, da masu ba sanata cin hanci.

Da ka juya shafi za ka tarar da shi ɗauke da mace a ɗaure, ya nufi gidan gwamna cikin dare don a fasa kashe wata da aka yi wa ƙage. Ba shafi ne ya ɓace ba. An tsara labarin ne don jarida, aka yayyanka aka liƙa, farkonsa ya tafi.

Wajen aikin bugu, launi ya fito tas, koren motar da ke bango ma har ya fi na tsohuwar takarda haske. Rauninsa ɗauri. Ƙarafunan sitefula biyu ne ke riƙe da shi, da damina suna tsatsa su ɓata tsakiya, da hunturu kuma takarda ta bushe gefenta ya nannaɗe. Kafin ka biya, buɗe tsakiya ka ga ko sun fara ja. A gida, sa shi a leda da kwali a bayansa, a ajiye nesa da ƙasa saboda gara.

Ga ɗalibin zane ko malamin Turanci na ƙaramar sakandare, a saya. Yaron da ya saba da Superman na fim kuwa zai iya ajiye shi tun a shafi na 3.